Jan kyandir ɗin da aka tono a gonar maƙwabci ni na yi shi

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin ka rufe sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai cewa in yi haƙuri ya wuce abinsa, na ƙoshi da wannan.

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Tsanyawa, shekaru sun ja, boko ban yi nisa ba. Tun da ciwon baya ya hana ni noman rani na koma yin kyandir a gida, sana'ar da na koya a birni ina saurayi. Ba ni da inji. Kaki nake narkawa a dogon gwangwani, in ɗaura lagwani a jikin karan dawa, in tsoma in ɗaga, ya sha iska in sake tsomawa har ya yi kauri. Shi ya sa nawa gindi kauri kai siriri, ba kamar na kamfani ba, duk garin nan kowa ya gani ya san hannuna ne. Da shi nake ci da iyalina.

Fari kawai nake yi. Gab da damina yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a gidanmu, ya same ni a bakin murhu da ƙullin jar kala, wai in yi masa jajaye, wani abokinsa na birni ke so. Na ce me za a yi da ja, ya ce ni mai kyandir ne ko alƙali. Na yi masa.

To akwai maƙwabcinmu na gona da suka daɗe suna rigimar iyaka da Yaya. Maƙwabcin ya zo huɗa sai garma ta tono ƙwarya a daidai iyakar, ciki da ƙwai da jan ƙyalle da jajayen kyandir, ɗaya ko kunna shi ba a yi ba. Kuma a watan matarsa ta yi ɓari. Mutumin ya ɗauki kyandir ɗin ya zaga gari da shi yana nunawa.

Yanzu masu shago sun daina karɓar kayana. Majalisar mai shayi in na wuce sai a ce ga fitilar aljanu nan. A masallaci na kusa da ni sai ya janye ƙafarsa. Matata ta je barka aka hana ta ɗaukar jariri, ta dawo tana kuka. Kuma kun san wa ya fi kowa ɗaga murya? Yaya. A gaban mutane ya ce ya daɗe yana gaya min wannan sana'ar bokaye ce, ya shigo gida ya yi ƙwallo da gwangwanina. Na tare shi a zaure na ce Yaya kai fa ka kawo kalar, ya dube ni ido cikin ido ya ce wa ya gani.

Mai unguwa ya yanke cewa Juma'ar nan bayan an sauko, ko in faɗi wanda na yi wa jan kyandir, ko in dafa Alƙur'ani in ce ba nawa ba ne. Ni kuwa nawa ne. Innarmu ta tsufa ga hawan jini, ta kira ni ta riƙe hannuna, ta ce in na ambaci sunan ɗan'uwana tana raye ba ta yafe ba, in tattara in tafi ci-rani har maganar ta mutu. Da wane bayan? Shi da ya binne ƙwarya ya zauna a gida, ni da na tsoma lagwani in gudu, 'ya'yana su tashi ana ce musu 'ya'yan boka.

Ƙyallen da ya ƙullo kalar a ciki yana ɗakina, irin na cikin ƙwaryar ne sak, amma in na fito da shi ni zai ƙara kamawa. Alƙur'ani dai ba zan dafa a kan ƙarya ba. Ku gaya min jama'a, ranar Juma'a in kira sunansa in ɗauki fushin uwata, ko in yi shiru in amsa sunan boka saboda mutumin da ko gaisuwata ya daina amsawa?