Zane Mai Ganyen Kuɓewa

Akpakpa, Kwatano,
17 ga Satumba.

Zuwa ga babbar yayata, Dada Hwefa,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Fofo Kosi da yara duka. Yaya Librebil, yaya kasuwa, yaya gwiwar nan da ke damunki? Allah ya ƙara sauƙi. Yaya ƙarfin jikin 'yarmu Senami? Na ji watan haihuwarta ya kama, Allah ya raba su lafiya, ya nuna mana ranar fitar da jariri. Mu nan lafiya lau. Maigidana Setonji yana ta fama da aikinsa a tashar jiragen ruwa, yara sun koma makaranta, ruwan Satumba ya fara, layinmu ya sake komawa tafki yadda kika san shi. Tanti Akwavi, innarmu, tana can garin Bohikon, bakinta na nan yadda yake, kin ga ke nan lafiyarta ƙalau.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko gishiri ne ya ƙare mini sai na buga miki waya. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa, bakina ya ƙi ɗaukar maganar, shi ya sa na koma ga biro. Dada, ki nemi wuri ki zauna. Zanen da na aiko miki makon jiya ta hannun matar da ke kai miki kaya, zanen goyon Mama mai ganyen kuɓewa, wanda kika ce da shi za ki goya jikanki ranar fitar da shi, ba na Mama ba ne. Sabo ne fil. Ni na saye shi a kasuwar Dantokpa, ni kuma na tsufar da shi da hannuna. Na Mama ya ruɓe a ƙarƙashin gadona. Ga shi na faɗa, kuma wallahi ina rubutawa fuskata na zafi don kunya.

Kin tuna bayan mun binne Mama a watan Fabrairu, dangi suka ce ba za a taɓa zannuwanta ba sai kin dawo a Disamba, tunda babbar 'ya ce ke buɗe kayan uwa ta raba wa ƙannenta. Abin da ba ki gani ba shi ne rigimar da na tayar bayan kin hau jirgi. Tanti Akwavi ta ce a bar su a akwatin ƙarfen Mama a kai Bohikon, can iska a bushe take, ba kamar Kwatano ba inda ko gishiri a kwano sai ya yi hawaye. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da sayen gadon nan ba, mai ma'ajiya a ciki, wanda ake ɗaga katifarsa sama da wasu ƙarafa kamar murfin bayan mota. Kaina ya kumbura da gadon nan, Dada. Duk wanda ya zo gaisuwa sai na ja shi ɗaki na ɗaga masa ya gani. Na dubi Tanti a gaban kowa na ce zamani ya wuce akwatin ƙarfe, gadona yana da garanti na shekara biyu, ga takarda ga hatimi. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce wai shi wannan Malam Garantin shi zai riƙa fito da zannuwan yana shanyawa a watan Agusta? Aka kwashe da dariya. Na ji haushi, na ɗaga murya, na ce ni ma 'yar Mama ce, ba a bola aka tsince ni ba. Don a zauna lafiya aka bar mini kayan.

Da na kawo su gida sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Kowane zane na ninke shi na sa a leda, na ƙulle bakin tam, wai don kada iska ta shiga. Mama ba ta taɓa barin leda ta kusanci zanenta ba, kafur take zubawa ta bar su su sha iska, amma ni ai 'yar boko ce. Naki na goyo, da yake shi ya fi kowanne daraja, shi na fara sawa can ƙasa, a lungun da ke jikin bango. Na jera sauran a kansa, na sauke katifa, na tura gadon ya manne da bango don ɗaki ya yi fili. Wannan a watan Afrilu ne. Ruwan Yuni ya zo har bakin ƙofarmu bai shigo ba, na yi ta godiya ga Allah. Sau biyu Setonji yana cewa ɗakin nan na warin tsohuwar rijiya, na ce takalmansa ne, ya fitar da su waje ya daina damuna. Agusta ta zo, rana ta fito, duk matan gidanmu suka fito da kayansu suka cika igiyoyi, kamar yadda Mama ke yi duk shekara tana sa mu tsaron kaji. Na wuce su da jakata zan tafi aiki, har ina yi musu sannu da wahala.

Ranar da kika kira kika ce in aiko miki da zanen, da murnata na shiga ɗaki na ɗaga katifar. Dada, warin da ya buge ni sai da na ja da baya na dafa ƙofa. Katakon ƙasan ya kumbura ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi, ashe ma ba katako ba ne, dusar katako ce aka matse da gam aka liƙa mata fata mai kama da icce. Fumfuna baƙa da kore ta bi bango ta rufe lungun gaba ɗaya. Kowace leda da na ɗauko, ruwa ne ɗigo-ɗigo a cikinta. Na sama-sama sun yi tabo, na wanke, yawancinsu sun dawo. Bakwai na ƙasa sun tafi. Naki kuwa da na buɗe, ina kama shi yana rabuwa a hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar binne Mama.

Washegari na ɗauki takardar garantin na hau zem, ɗan acaɓan nan har yana ce mini Madam a hankali, kada ki karya mini kafaɗa. Kin san ni idan raina ya ɓaci. Na shiga shagon ina faɗa tun daga bakin ƙofa, na kira su ɓarayi, na ce sai na tara musu jama'a. Mai shagon, wani dattijo mai sanyin magana, ya bar ni har na gaji, sannan ya ba ni kujera, ya sa tabarau, ya juya bayan takardar. Ashe akwai rubutu a baya, ƙanana kamar tururuwa. Ya karanta mini a tsanake: garantin na ƙarafan ɗagawa ne da ƙusoshi, babu ruwansu da danshi, ko ruwa, ko gara. A bar tazarar tafin hannu tsakanin gado da bango, a riƙa ɗaga shi yana shan iska duk mako. Abin da mutum ya ajiye a ciki kuwa, wannan tsakaninsa da Allahnsa. Ya cire tabarau ya ce wai Madam, a garin nan wa zai ba ki garantin danshi, ai ko Fada a coci ba zai sa hannu a wannan takarda ba. Ya tambaye ni ko ƙarafan sun sami matsala ya canza mini su yau ɗin nan. Ƙarafan lafiyarsu ƙalau, Dada, suna ɗagawa suna saukewa har da ɗan kukansu mai daɗi. Ni da nake sakatariya, shekara goma sha huɗu ina karanta takardun mutane ina gyara musu waƙafi, ban taɓa juya tawa ba. Na fito ina sunkuyar da kai, matan da na tara da ihuna suna ba ni hanya.

Da a nan na tsaya na kira ki, da yanzu kin yi faɗanki kin huce. Amma na tuna dariyar da aka yi mini gaban Tanti, na ji ba zan iya ba. Daga shagon ban koma gida ba, Dantokpa na wuce. Har yanzu ana buga mai ganyen kuɓewa, a rumfa ta uku na same shi. Na kawo gida na yanka daidai tsawon na Mama, na wanke shi da baƙin sabulu sau tara, ina shanyawa a tsakar rana, ina goga bakinsa a dutsen wanki don ya yi sanyi. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce wai Fifame lafiya, me sabon zane ya yi miki kike neman ransa? Na ce ƙaiƙayi yake sa ni. Kin tuna kusurwar da ƙusa ta yaga, Mama ta ɗinke da farin zare saboda shi ne a hannunta? Na yaga nawa a daidai wurin, na ɗinke da farin zare, har ina karkata ɗinkin yadda nata ya karkace. Na bar shi kwana uku a cikin kafur da ragowar hodar Mama da na ɗauko daga ɗakinta. Duk wannan na yi shi ido biyu, babu wanda ya sa ni, ba kuma ruɗewa ba ce, don ruɗewa ba ta kai mako biyu.

Sai ga wayarki ranar Lahadi bayan an taso coci. Kina kuka kina dariya, kika ce kin buɗe ƙunshin ƙamshin Mama ya cika ɗaki. Kika ce kin nuna wa Senami ɗinkin, kin ce mata ga hannun kakarki, a cikin wannan aka goya ni, a cikinsa na goya ki, a cikinsa za mu goya ɗanki. Kika ce Allah ya yi mini albarka da na riƙe amana. Ni kuwa ina ta cewa amin, amin. Na ajiye wayar. Tun ranar ko akasa, tuwon masararmu, na sa a baki sai in ji kamar ƙasa nake tauna. Setonji, da yake shi kaɗai ya sani, ya ce in bar maganar, zane zane ne, jariri bai san bambanci ba, ke kuma kin sami farin cikinki, wa aka cuta? Na kusa yarda da shi. Amma ke aka cuta, Dada. Kin yi kuka a kan zaren da na saya a shagon bakin layi.

Ga abin da ya rage na zanen Mama na gaskiya, yana cikin wannan ambulan, a naɗe da farar takarda. Bai kai tsawon kamu biyu ba, shi kaɗai ne bai narke ba da na wanke. Ba zai goya kowa ba. Ban sa masa kafur ba, ban sa masa hoda ba, warin da za ki ji nasa ne. Sauran zannuwan na mayar da su akwatin ƙarfen, ranar Asabar zan kai su Bohikon da kaina, in durƙusa gaban Tanti Akwavi in faɗa mata duka, har da bakwai ɗin da suka lalace. Ta faɗi abin da za ta faɗa, gaskiya na wurinta. A rabon Disamba kuma ba na son ko ɗankwali, kasona ya riga ya ruɓe.

Maganar Senami na bar miki. Idan kin ga a faɗa mata yanzu, to, idan kuma kin ga a bari sai ta sauka lafiya, ke kika san 'yarki. Idan kin yanke shawarar goya jaririn da zanen da ke hannunki, ki goya, zane ne mai kyau, amma ki san na ƙanwarki ne maƙaryaciya, ba na Mama ba. Idan kuma kin ga dama ki yi tsumma da shi, ba zan ce uffan ba. Abin da ba zan iya ba shi ne a aiko mini da hotonki da jariri a baya, kina murmushi, kina sake yi mini godiya. Ba na roƙonki ki yafe mini yau. Ina roƙonki idan kin gama karantawa ki kira ni ki zage ni son ranki, zan riƙe wayar har ki gama. Kada dai ki yi mini shiru.

Ki gaishe mini da Fofo Kosi da kyau, ki gai da Senami da mijinta, da ƙannenta Jijoho da ƙaramarsu Sika. Setonji yana gaishe ku, yaran ma haka. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri, ko da yake ban san da wane ido zan dube ki ba.

Ƙanwarki,
Fifame.