Wa Zai Kunna wa Bobe Hita?

Lahadi, 1 ga Disamba 2024

Khalida ta gama Umara ta koma Manchester, ta bar mini jikata Basma. Sharaɗi ɗaya 'yar tawa ta gindaya: in yarinyar ta saba kafin ƙarshen wata, ta zauna ta yi karatun Ƙur'ani a nan unguwar Shisha, a Makka. In ba ta saba ba, ɗana Abdulilah zai mayar da ita. Na ce wace jika ce ba ta sabawa da kakarta? Da bakina na faɗa. Tun rasuwar maigidana Mukhtaru ban ji motsin yaro a gidan nan ba, ina son ta zauna, so mai tsanani.

Laraba, 4 ga Disamba

Na zuba mata shinkafar kabsa da nama, na ajiye kofin laban, wato nono, a gefe. Ta ture kofin can nesa, wai a gidan Bobe ba a haɗa nama da nono. Nama "fleshik" ne, nono "milhik", kowanne da cokalinsa da tukunyarsa. Na ce wace ce kuma Bobe? Maƙwabciyarsu ce, tsohuwa, ita ke riƙe ta in uwar tana aikin asibiti. Bayahudiya. Bobe kuma kaka ke nan a yarensu, Yidish.

Ni "Hajiya" take ce mini, kamar wata baƙuwa a unguwar Jarwal.

Juma'a, 6 ga Disamba

Mujahida ta sama ta leƙo bayan la'asar, ta tarar da yarinyar tana kitsa ƙullin fulawa kamar gashi. Ta tambaya, Basma kuwa ba ta iya ɓoye komai ba, ta ce "hala" ne, burodin Shabes, ranar hutunsu. Mujahida ta dube ni ta ce, "A Makka, ya Sa'adiya? A gidan Malam Mukhtaru?" Bakinta kuwa ba ya riƙe ruwa. Kafin magariba duk benen ya ji.

Na zubar da ƙullin. Basma ba ta yi kuka ba, gara ma ta yi.

Asabar, 7 ga Disamba

Ko loma. Tana bakin taga tun safe.

Talata, 10 ga Disamba

Na kira Khalida na wanke ta tas. Ta bar ni na gama, sannan ta ce Bobe ɗin nan ce ke tuna wa Basma lokacin salla, kuma ba ta taɓa ba ta abin da Musulmi ba ya ci ba. Na kashe wayar. Sallar Basma dai ban ga aibu a ciki ba, Fatiharta ta fi ta 'ya'yan Mujahida fita. Amma tsoro nake ji. Me aka zuba mata a kai da ban sani ba?

Asabar, 14 ga Disamba

Yau ma taga. Wannan karon na zauna kusa da ita, har ta gaji ta yi magana.

Ashe ran Asabar su Bobe ba sa kunna wuta, ba sa taɓa makunni. Tsohuwar ta fara mantuwa, sau da yawa ba ta saita na'urar ɗumama ɗaki tun ran Juma'a. Kuma ba za ta ce kunna mini ba, al'adarsu ba ta sake mata baki ta roƙa kai tsaye ba. Sai dai in Basma ta shiga ta ce, "Kai, yau ana sanyi, shefele." Ɗan rago ke nan, haka take kiranta. Ita kuma ta gane, ta je ta kunna hita.

"Mama tana asibiti ran Asabar," in ji ta. "In ta ce ana sanyi, wa zai ji?"

Ni ina ta fargabar an sace mata addini, ita tana lissafin tsohuwa a ɗaki mai sanyi. Na tashi na ɗora shayi.

Alhamis, 19 ga Disamba

Ta kira ni Kaka. Sau ɗaya, tana neman takalminta. Da na nace, na san zama za ta yi, ba ta iya musu ba. Abin da ke damuna ke nan.

Asabar, 28 ga Disamba

Jiya Abdulilah ya tafi da ita. Na gaya wa Mujahida makarantar can ce ta matsa, ta yarda ko kar ta yarda.

Gidan shiru. Da azahar na kira Khalida, don in ji saukarsu kawai. Ta ce lafiya lau, yarinyar ko jaka ba ta kwance ba ta ruga maƙwabta. Har za mu yi sallama na ce mata, ita dai tsohuwar nan, ɗakin nata ya yi ɗumi kuwa?