Na Goge Waƙar Kawuna, Yanzu Tawa Nake Karanta Masa

Assalamu alaikum Edita da masu karatun wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a ce mini sakarai a bari in kai ƙarshe, don ni ma na riga na faɗa wa kaina fiye da haka.

Ina da ɗan shagon buga takardu da kwamfuta a Unguwar Shanu. Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a Rigachikun, idonsa ya yi rauni tun da jimawa, amma Allah ya ba shi waƙa. Tun yana saurayi yake tsara wata doguwar waƙa a ka, ta tarihin gidanmu, bai taɓa sa ta a takarda ba. Ni na matsa masa. Na ce, "Kawu, takarda gara ke ci, kwamfuta kuwa ba ta mantuwa." Ya yi dariya ya ce, "To ɗan nan, mu ga wannan akwatin naka mai hadda." Duk ranar da ya shigo gari sai ya zauna a bencin shagona yana rerawa ina bugawa, har muka kammala. Kullum ina cewa gobe zan fitar masa a takarda, gobe zan kwafe a ƙaramin faifai. Goben ba ta zo ba.

Babban faifan cikin kwamfutar kashi biyu na raba shi, C na ayyukan shago, D kuwa na ware wa waƙar, har na raɗa wa ɓangaren suna KAWU. Da wurin ajiya ya yi mini kaɗan sai na sayo wani faifan na ƙara. Sabon faifai ba ya karɓar komai sai an yi masa fomat, wato an share shi tas an shimfiɗa masa tsarin ajiya. A lissafina tunda akwai C da D, baƙon E zai zama. Ashe na'urar baƙon take ba D, ta tura na gida zuwa E. Na buɗe baƙin allo na rubuta umarnin fomat a kan E, wani mai jiran takardarsa yana ta ja na da gardamar ƙwallo. Kwamfutar ta nemi in rubuta sunan ɓangaren kafin ta ci gaba. Jama'a, faifan da aka kawo yau ina ya sami suna? Wannan kaɗai bai isa ya tsayar da ni ba? Amma yatsuna sun saba, suka buga KAWU. Ta sake gargaɗina cewa komai zai tafi, na danna mata amincewa ina dariya. Kuma ban duba ba sai da na gama loda wasu ayyukan a kai, na nemi waƙar na rasa. Wani da ya fi ni sanin aikin ya duba ya ce da ban zuba komai ba da akwai ɗan fata, yanzu kam sai haƙuri.

Na yi niyyar in faɗa wa Kawu ya sake rera mini, wallahi na yi niyya, kunya ce ta riƙe ni ina ta jan ƙafa. Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya tashi, amma harshe ya yi nauyi, waƙar kuma ta zube daga kansa, sai amshin kawai. Duk zuwan da na yi dubiya tambayarsa ɗaya ce: "Ɗan nan, tana nan ko?" Ni kuma in ce, "Tana nan lafiya, Kawu."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda na yi bayan nan. Na zauna na tattaro abin da na tuna, inda na manta na cike da nawa. Ranar Juma'ar da ta wuce na karanta masa wurin da ke maganar kakarmu, wanda rabinsa ƙirƙirata ce. Na ce tana sayar da fura a bakin hanyar Zariya, alhali ban ma tabbata fura ce ko ƙosai ba. Innata, ƙanwar Kawu, da ke zaune gefe ta ɗago ta dube ni. Kawu kuwa hawaye ya bi masa fuska, ya laluɓo hannuna ya ce, "Ashe ni na yi wannan? Har na manta. Allah ya yi maka albarka da ka riƙe mini." Ban san lokacin da na ce amin ba.

Yanzu 'ya'yansa sun ce in fitar da ita duka a kai maɗaba'a, a sa sunansa a bango tun yana da rai. In na faɗi gaskiya, na karɓe wa tsoho mara lafiya abin da ya rage masa yake murna da shi. In na yi shiru, jikokinsa za su haddace ƙaryata suna cewa Kawu ne ya faɗa. Ranar Juma'a mai zuwa yana jira in karanta masa wurin da ya yi wa mahaifinsa, ni kuwa ko baiti ɗaya ban tuna ba. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?