Hajiya Rabi ta zo neman yafiya

Asabar da dare, Dutsin-Ma

Barci ya ƙi zuwa.

Da hantsi maƙwabciyata Hajiya Rabi ta shigo tana dogara sanda. Gobe za a kai ta Katsina a yi mata tiyata, shi ne take bin gida gida tana neman yafiya. Ta ce, "Maman Bulus, in na taɓa ɓata miki, ki yafe mini."

Tun damina nake riƙe da ita a rai, lokacin da awakinta suka cinye mini wake ta ce laifin dangata ne. Ko tabarma ban shimfiɗa mata ba. Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," na ci gaba da tankaɗe. Ta tsaya tana jiran in ce na yafe. Ban ce ba, ta juya a hankali ta fita.

Da yamma kuma na tafi coci furta zunubi. Na durƙusa gaban Fada na lissafa gulma da fashin addu'a, amma ban ambaci Hajiya ba. Na karanto addu'ar tuba tiryan-tiryan, wai ina baƙin ciki da dukan zuciyata. Ni da na hana tsohuwa kalma biyu saboda wake.

Motarsu za ta tashi bayan asuba. In ba ta dawo daga Katsina ba fa?

Har yanzu fitilar ɗakinta a kunne take. Bari in nemo mayafina.