Ranar da Kwame Ya Sha Karak

Zuwa ga abokina Kwame, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da matarka Abena da yara da Baba mahaifinka. Ni ma lafiya lau, sai godiyar Allah. Zafin Doha ya fara sauƙi, aiki kuma yana nan yadda ka bar shi. Na tambaye ka ko in sa wannan wasiƙa a fili, ka ce in sa, wataƙila akwai wanda yake tsaye a inda ka taɓa tsayawa. To ga ta.

Ka tuna haɗuwarmu. Kai ne direban bas ɗin da ke kwasar mu masu gadi daga masauki zuwa gidajen da muke tsaro a Ain Khaled. Muna ta hirarmu da Hausa a baya, har muna gulmar tuƙinka, sai ka juyo ka ce mana mun gode, amma mu ɗaure bel. Kunya ta kama mu. Daga baya ka faɗa mana a bakin zangon Hausawa na Kumasi ka tashi, inda mahaifiyarka take sayar da abinci.

Abin da ya fara ba mu mamaki game da kai shi ne ba ka shan shayi. A garin da kowace kwana akwai mai sayar da karak, shayin madarar nan mai kayan ƙamshi, kai sai ka ɗaga hannu ka ce addininku na Mormon, wata ɗarikar Kirista, ya hana. Ba shayi, ba gahawa, ba giya, ba taba. Malam Haruna, dattijon ɗakinmu, yakan ce wannan bawan Allah kalma ɗaya ta rage masa. Da muka saba, duk wanda ya dafa shayi sai ya ware maka ruwan zafi ya matsa lemun tsami. Har kofinka daban, shuɗi na roba.

Ranar Juma'a mu mu yi wanka mu nufi masallaci, kai ka sa farar riga da laktaye ka nufi taron cocinku, don a Doha ranar ce ake hutu. Mu dawo mu haɗu a kwano ɗaya. Haka muka yi shekaru.

Sai ka daina rera waƙoƙin coci a bas. Na lura, na rubuta a littafin da nake rubuta al'amuran yau da kullum, amma ban tambaye ka ba, don na ji tsoron kada ya zama shisshigi. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da kai a zaune, farar rigar tana rataye a ƙusa ko gugarta ba ta karye ba. Bayan la'asar na ce mu je Corniche, bakin teku, mu sha iska. A wajen mai shayi na ce karak ɗaya da ruwa, yadda na saba. Sai ka ɗaga yatsu biyu.

Ka riƙe kofin har ya huce, muna kallon jiragen ruwan katakon nan suna lilo a bakin gaɓa. Sannan ka kurɓa, ka yamutsa fuska, ka ce ashe wannan ne abin da kuke ta yabo.

Ranar ka faɗa mini komai. Ka ce tun kana yaro aka koya muku labarin wanda ya kafa addininku, da matarsa ɗaya da ake nuna muku a zane. Sai ka karanta cewa ya auri mata da yawa a ɓoye, wasu ma suna da mazajensu a raye, wata kuma yarinya ce ƙarama. Ni da mahaifina ya zauna da mata uku, na ce maka yawan mata ai ba abin tashin hankali ba ne. Ka ce ba yawan ne ya dame ka ba, ɓoyewar ce. Ka ce an nuna muku shi yana duba alluna na zinariya yana fassara littafinku, ashe sau da yawa wani dutse yake sakawa a cikin hula ya cusa fuskarsa. Kuma ba a bakin maƙiya ka ji ba. A shafin cocinku ka gani, an rubuta a hankali, a inda ba kowa yake leƙawa ba.

Sai ka kawo maganar Baba. Ka ce ya karɓi addinin a lokacin da ba a naɗa baƙar fata limanci, ba a kuma barinsa shiga babban ɗakin ibadarku. Aka ce masa hukuncin Allah ne, ya yi haƙuri ya jira. Daga baya shugabannin yanzu suka ce dalilan da na da suka bayar ba su yarda da su ba. Ka ce idan na jiya sun yi kuskure suna cewa Allah ne ya faɗa, da me za ka gane na yau? Kuma kai da kanka ka yi shekara biyu kana bin gidaje kana wa'azi, duk wanda ya kawo maka irin waɗannan maganganu ka ce masa ƙarya ce. Ka ce fuskokinsu kake gani.

Amma abin da ya hana ka barci Abena ce. A wurinku auren da aka ɗaura a babban ɗakin ibada ba ya ƙarewa da mutuwa, muddin miji da mata sun riƙe alkawari. In ka faɗa mata ka daina yarda, kamar ka ce mata ne ta rasa ka har a lahira. Ranar komawarka gida ta kusa. Ko ka koma ka sa farar riga ka ci gaba da yi kamar ba komai, ko ka faɗi gaskiya ka ga abin da zai rage na gidanka.

Ban san wani daga ɗakinmu ya hango ka da kofi a hannu ba. Kafin magariba labari ya cika masauki: Kwame ya sha shayi. Mu kuma fassara ɗaya muka sani. Malam Haruna ya yi ta hamdala. Washegari ya je kasuwa ya sayo farar jallabiya daidai tsayinka. Aka yi musu a kan suna, wasu Kamal, wasu Kabiru. Aka sanar da wani malami da ke karantarwa a unguwar Nu'aija. Aka sa ranar tuwo da miyar kuka, aka ce ni zan kawo ka, tunda ni ne na kusa da kai. Wallahi duk ƙauna ce.

Na rasa inda zan sa kaina. Wane Musulmi ne ba ya son abokinsa ya shigo? Ni ma ina so, har gobe. Amma na ga idonka a Corniche, ba idon mai neman sabon jagora ba ne. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Na je na samu Malam Haruna, ni da ban taɓa yi masa musu ba, na ce Malam, mutumin nan zaman makoki yake yi, ba a kai goron aure gidan makoki. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce to, tuwo dai ba ya da laifi, a kira shi ya ci.

Ka zo ka ci. Ka hango jallabiyar a ninke a kan gado, ka dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ka gane. Sai ka fashe da dariya, wadda rabonka da ita an daɗe. Malam Haruna ya miƙa maka ita ya ce sa abarka, maganin zafi ce. Aka zuba shayi, aka tambaye ka wanne kake so yau, na madara ko na lemun tsami.

Har yanzu nakan tambayi kaina ko daidai na yi. Wata rana in rubuta e, wata rana in rubuta Allah ne masani. Ka dai san duk ranar da ka tambaye ni wani abu game da addinina, zan amsa maka iyakar sanina.

A filin jirgi ka ce mini wani abu da ban zata ba. Ka ce idan mutanen da suka so ka zama nasu sun iya cin tuwo da kai a yadda kake, bari ka gwada Abena.

Ka gwada. Na san ba da sauƙi ba. Ka ce ta yi kuka, ta kwashe yara ta tafi gidan yayarta, ka zauna kai kaɗai kana tunanin ka rusa komai saboda abin da ka karanta a waya. Baba kuma ya saurare ka har ƙarshe, ya ce shi ya tsufa da canja hanya, amma ɗansa ɗansa ne. Sannan Abena ta dawo. Ba ta bar imaninta ba, kai ma ba ka koma ba. Ranar Lahadi kai ne kake kai su coci a mota, ka jira a waje.

Hoton da ka turo makon jiya na nuna wa kowa. Kofi biyu a kan tebur. Ɗaya shayi, ka ce da hannunta ta dafa maka, ita da ba ta taɓa ɗanɗana shi ba, shi ya sa sukari ya yi yawa. Ɗayan nata ne, ruwan zafi da lemun tsami. Malam Haruna ya cire tabarau ya kalla da kyau, ya ce a faɗa wa matar nan ta ƙara citta.

Allah Ya zaunar da gidanka lafiya. Allah Ya saka wa Abena da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya raya yara. Allah Ya nuna mana gaskiya, ni da kai baki ɗaya, Ya ba mu ikon bin ta. Shuɗin kofinka yana nan a kan kanta, ba wanda yake sha da shi.

Naka har kullum,
Bala, mai zaman kujerar bayan direba.