Rabin Rantsuwar da Aka Ajiye wa Sani

Zuwa ga Yaya Idi,

Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwar ƙanwa ga wanta, a durƙushe kamar yadda na saba. Ba zan yi maka ban gajiya ba, ka riga mu hutawa. Kada rubutuna ya ba ka mamaki. An buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan dagaci, ni da kake tsokana cewa ban bambance alif da taɓarya ba, ga ni ina haɗa baƙi. Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne. Tanko ya dawo gari, kuma da hannuna a dawowarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in ɗauko maka zancen daga tushe.

Farkonsa ka fi ni sani: iyakar gonar fadama da kuka daɗe kuna ja kai da shi. Da hantsi aka kawo ka a kan ƙyauren kara daga hanyar Falgore, da saran gatari a ƙeya. Kanka yana kan cinyata ka ce, a gaban liman da mai unguwa, "Jinina yana wuyan Tanko." Ba ka kai azahar ba. Babu wanda ya ga saran, Tanko kuwa ya ce shi ranar ko hanyar bai bi ba.

Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi a Tudun Wada, aka turo 'yan doka suka tafi da Tanko. Alƙalin can ya ce shari'ar jini ta fi ƙarfin kotunsa, sai birni. A nan na fara sanin Saje Garba, ɗan dokan da aka ɗora wa gabatar da ƙararka. Dogo ne, mai jar dara, fuskarsa ba annuri. Ranar da ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu matan unguwa duk suka shige ɗaka. Amma ya cire takalmi ya zauna a zaure, ya yi mana ta'aziyya tukuna, sannan ya ce in faɗi abin da na ji daga bayan zana, in kuka ya zo in yi, shi ba sauri yake ba. Rigarka mai jini ya naɗe ta da hannunsa, ya ce amana ce, za ta dawo.

Shi ya yi mana bayanin abin da ake kira ƙasama. In mamaci ya ambaci wanda ya kashe shi, babu kuma shaidar ido, to sai maza biyu daga dangin uba su raba rantsuwa hamsin a tsakaninsu, sannan a yi hukuncin kisa. Na ce ni zan yi hamsin ɗin duka, ai a kunnena ka faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce mace ba ta rantsuwar jini. Yaya, ranar na ji haushin zama mace yadda ban taɓa ji ba. Aka duba danginmu kaf, ka san gidanmu bai yi arzikin maza ba. Daga Baffa Sule, ƙanen Baba, wanda ido ya fara gagara, sai ɗanka Sani, yana rarrafe.

Muka tafi birni a bayan motar gyaɗa. Ba mu san kowa ba, Saje ya sauke mu a gidansa, matarsa ta ba ni ɗakinta da zanen sauyi. Babban alƙali ya duba littafi ya ce Baffa ya yi rabinsa yanzu, yaron yana wurin, sauran rabin a ajiye wa yaro har ya balaga, Tanko kuma ya jira a gidan yari. Bayan la'asar aka shiga masallaci. Ni a ƙofa na tsaya, na kwance goyo na miƙa wa Saje. Ina jiyo muryar Baffa, yana maimaita cewa Tanko ne ya sare ka, saransa ne kuma ajalinka, mai ƙirga yana jan carbi. Sani bai san ana yi ba. Ya tsula wa Saje fitsari a kaki, mutumin ko motsi bai yi ba har aka gama.

A hanya na yi murna, ba zan ɓoye maka ba. Na ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ko shekara nawa ne za mu jira.

Bayan yaye uwar Sani ta yi aure a Yako, yaro ya zauna a hannuna. Duk kaka sai Saje ya taka kekensa ya zo, da rake ɗaure a baya. Aikinsa ne ya ga yaron da idonsa ya koma ya shaida cewa yana raye, don shari'ar duka a wuyan yaron take rataye. Yakan tambayi abin da muka noma, da ko wani ya tsorata mu. Shekarar da 'yan'uwan Tanko suka fara shiga gonar fadama, shi ya sa hakimi ya tsawatar. Ban taɓa jin ya ce mini in yi haƙuri ba, shi ya sa nake ganin girmansa, don kalmar nan ta ishe ni a bakin mutane.

Amma gari ya sauya wa ɗanka suna. Ba mai cewa Sani, sai Ɗan Rantsuwa. In ya yi tsawo, a ce kwanan Tanko na ƙarewa. In ya yi zazzaɓi, a ce Tanko ya kusa shan iska. A gabansa ake faɗa, ana dariya, shi ma yana taya su don bai san ma'anar ba.

Ka tuna Iya Kande, uwar Tanko, wadda take ba mu ƙanzo muna yara? Rijiya ɗaya muke ɗiba da ita. Ba ta yi mini magana, ba na yi mata, amma duk sanda na zo da Sani sai ta tsaida guga ta bi shi da ido daga ƙafa har ka. Na san abin da take aunawa. Na daina barinsa ya fita shi kaɗai, na daina karɓar abincin biki, ruwan randa ma sai na kurɓa kafin in ba shi.

Wata ranar kasuwa ya shigo da ƙosai a hannu yana murna, ya ce Iya ce ta ba shi. Na buge hannun, na zura masa yatsa a maƙogwaro har ya yi amai yana kiran Gwaggo. Kaji suka cinye ƙosan, na zauna ina jiran su mutu, ba abin da ya same su. Na yafa mayafi na tafi gidanta ina zagi tun daga ƙofa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Wallahi ban taɓa roƙon Allah ya ɗauke shi ba. Amma na yi, na yi, bakina ya kasa roƙon ya raya shi."

Na dawo na tarar da Sani a bayan rumbu yana shessheƙa. Ya gan ni ya ɓoye hannunsa. Yaya, wannan maganar da wannan hannun su suka karya ni. Na ga yaron da zai tashi rabin gari na jiran girmansa, rabi na jiran mutuwarsa, ranar da muryarsa ta buɗe kuma a tsaida shi a masallaci ya rantse a kan abin da ya faru yana rarrafe, a kashe mutum da bakinsa.

Da Saje ya zo na tambaye shi ko akwai hanyar sauke wannan kaya. Shekara da shekaru yana riƙe da ƙarar nan, na zaci zai ji haushi. Ya ce akwai. In Baffa, a matsayin waliyyin yaro, ya je gaban alƙali ya karɓi sulhu, kisa ya faɗi, saura bulala ɗari da ɗaurin shekara. Ya ce in yi tunani har wata kaka, kuma kada kowa ya matsa mini, ko shi. Ban kai kakar ba. Na tsare Baffa da kuka har ya yarda, yana cewa to rantsuwarsa ta tafi a banza ke nan. Saje ya raka shi birni ya dawo da shi. Aka bar wa Sani gonar fadama duka a madadin diyya. Rigarka ma ta dawo, a naɗe yadda aka tafi da ita, tana ƙasan adakata, ban wanke ba.

Ban rubuto don in ce na yi kuskure ba. Ko yau aka sake, haka zan yi. Amma ka sani ban yafe ba, Baffa ne ya furta, ni zuciyata tana nan inda ka bar ta. Ka ba ni jininka amana a kan cinyata, ka kuma bar mini ɗanka, na kasa riƙe biyun tare.

Shekaranjiya muna tafiya gona da safe muka yi kiciɓis da Tanko a kan turba. Ya rame, ya yi furfura, da fartanya a kafaɗa. Ni na kau da kai. Sani kuwa, da na koya masa gaida manya kamar yadda Inna ta koya mana, ya cire 'yar hularsa ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ina kwana, Baba." Tanko ya tsaya. Ban hana yaron ba, na jira ya miƙe muka wuce.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Shari'ar da muka ajiye a nan, Allah ya ɗauke ta a ranar da ba a neman rantsuwar kowa. Ya raya Sani, ya mantar da mutane wancan sunan. Amin.

Ƙanwarka,
Asabe