Malamina Ne Ya Ba Ni Sharhin Littafinsa

Anti Ikilima, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni malama ce a sashen Hausa. Farfesa Jibril shi ya koyar da ni, aminin mahaifina ne, shi ya yi mini walicci bayan rasuwar Baba. Yanzu ya rubuta littafi kan tatsuniyoyin ƙasar Daura, ya ce ni zan yi sharhi ranar ƙaddamarwa. Kin san yadda taron nan yake, mai sharhi yabo yake zubawa, a tafa, a watse. To na karanta littafin. Cewa ya yi kusan duk tatsuniyoyinmu daga labarin rijiyar Kusugu suka tsiro. Ni kuwa na zauna da tsofaffi a ƙauyukan Dutsi, abin da na ji ya saɓa da haka. Ga kuma Dakta Abbas, da suka daɗe suna ja-in-ja da Farfesa kan wannan batu, shi da ɗalibansa sun kasa kunne. In na yaba, su ce 'yar amshin shata ce, sunana ya zube. In na soka, na miƙa musu sandar dukan ubana. Tsoro nake ji. Har gaisuwar Juma'a na daina zuwa gidansa.

Ɗaliba Mai Fargaba, Daura

'Yar'uwa, na ji damuwarki, amma daina gaisuwar nan kuskure ne, ki gyara tun wannan Juma'ar. Ki je da sharhin a hannu, ya ji daga bakinki kafin ya ji a lasifika. Ranar taro ki faɗi alherin littafin da gaske, ki ambaci inda kuka saɓa a taƙaice cikin ladabi. Cikakkiyar hujjarki ki kai ta mujallar nazari, inda zai samu filin mayar da martani. Shi ma Dakta Abbas can zai same ku, ba aikinki ba ne faranta masa.

Mai yiwuwa Malam ya ji zafi, tsufa ya zo, littafin kuma aikin rayuwarsa ne. Ki yi haƙuri da fushinsa in ya yi. Amma da maroƙi yake nema, Daura ba ta rasa su ba. Ke ya zaɓa, wadda ya koya wa karatu da idon basira. Kada ki tashi gaban jama'a ki nuna bai koya miki komai ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya bar zumuncinku.